Ɗan Sarki A Rigar Talaka: Ina Gaskiyar Labarin?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara ko Makarfi ko Kudan, ya kuma zauna gaban kakarsa da dare bayan an ci tuwo, da wuya a ce bai taɓa jin tatsuniyar Daskin-da-Riɗi ba. Ɗan sarki ne ya ɓoye sunansa, ya ce ba zai auri kowa ba sai yarinyar da ta faɗi sunan. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya, suka iske wata tsohuwa tana wanka, ta roƙe su su cuɗa mata baya, suka ƙi. Wadda aka raina, mai tsumma, ita ta tsaya ta cuɗa, ita kuma tsohuwar ta gaya wa sunan.

Yara na ɗaukar wannan abin nishaɗi ne kawai. Amma da zarar kaka ta yi, an sayar da rake da mazarƙwaila, bukukuwan aure sun kankama a waɗannan garuruwa, sai tambayar da ke cikin tatsuniyar ta dawo wa manya. Saurayin da ya fito daga gidan sarauta, ko ma'aikacin da ya fara ɗaukar albashi ya sayi 'yar motarsa, yakan so ya sani, shin shi ake so ko abin hannunsa?

Labarin da ya fi kusa da wannan a tarihin Hausawa shi ne na Bayajidda. Kamar yadda masu ba da tarihin Daura ke faɗi, ɗan Sarkin Bagadaza ne, ya bar gida da rundunarsa ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki, daga baya ya gane ana shirya masa makirci ya gudu. Ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya shiga Daura da dare ba rakiya ba tambari, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa aka ce masa macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya tafi ya kashe macijin, ya yanke kan ya ɓoye, ya koma ya kwanta bai gaya wa kowa ba.

Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta sa a nemo wanda ya yi wannan aiki. Mutane da dama suka ce su ne, amma ba wanda ya iya kawo kan, sai da tsohuwa ta ambaci baƙonta. Aka yi masa tayin rabin gari, ya ce shi auren Sarauniya yake so. Watau dai aikinsa ne ya gabatar da shi kafin asalinsa. Sai dai fa a lura, Bayajidda bai ɓoye kansa don gwada zuciyar mace ba, gudun ceton rai ne ya raba shi da rundunarsa. Masana tarihi kuma sun daɗe suna gardama kan labarin, har waɗansu na danganta sunan da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye a Afirka ta Arewa ya mutu a shekarar 947.

To, a yau fa? A gari kamar Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ɗan hakimi ba shi da inda zai ɓuya, domin masu tallar fura ma sun san shi. A Zariya kuwa, inda gidajen sarauta huɗu suke, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, tsofaffi kan jero wa yaro kakanninsa tun kafin ya gama gaisuwa. Wurin da abin zai ɗan yiwu shi ne makaranta, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda ɗan sarki da ɗan manomi ke bin layi guda.

Ko a can ma ɓoyon ba ya wuce dandalin zance. Auren Hausa ba na mutum biyu ba ne. Da zarar magana ta kai ga iyaye sai a ce ya turo magabatansa, a kuma tura dattawa garinsu su binciko asali da hali da sana'a. Ranar ɗaurin aure akwai waliyyi, akwai wakilin ango, akwai shaidu, sanƙira kuma ya ɗaga murya ya sanar wa jama'a. Gaskiyar magana, iyayen 'yan mata ba ɗan sarkin da ya yi shigar talaka suke tsoro ba. Wanda ya fi damunsu shi ne mai aron babbar riga da mota, shi kuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A ƙasashen waje an sami 'ya'yan sarakuna da suka gwada. A watan Satumba na 2000, lokacin wasannin Olamfik a birnin Sidni na Ostireliya, Yarima Frederik na Denmak ya haɗu da Mary Donaldson a wani gidan shaƙatawa, ya ce mata sunansa Fred. A daren nan wani ya raɗa mata ko wane ne. Ɓoyon bai kwana ba, amma sai da aka shekara uku kafin a yi baiko, aka ɗaura aure ran 14 ga Mayu, 2004. Ya hau gadon sarauta a Janairun 2024. Haka kuma Joel Makonnen, tattaɓa-kunnen Sarki Haile Selassie na Habasha, bai gaya wa Ariana Austin asalinsa ba sa'ad da suka haɗu a Washinton a 2005, ko da yake sarautar gidansu ta faɗi tun 1974. Sun yi aure a 2017.

Na ƙasar Holan ya fi kama da abin da Bahaushe ya sani. Yarima Willem-Alexander ya ga Máxima Zorreguieta, 'yar Ajantina, a wani biki a birnin Sebiya na Sifen a 1999, ya gabatar da kansa da suna Alexander kawai. Da ya faɗa mata gaskiya daga baya, ta zaci wasa yake yi. Amma da magana ta kai ga manya, asalinta aka shiga tonowa. Mahaifinta, Jorge Zorreguieta, ya riƙe muƙamin sakataren aikin gona a gwamnatin soja ta Janar Videla, wadda dubban mutane suka ɓace a zamaninta. Gwamnatin Holan ta sa wani malamin jami'a, Michiel Baud, ya bincika, majalisar dokoki kuma ta amince da auren. An ɗaura shi a Amstadam ran 2 ga Fabrairu, 2002, amma ba a bar uban amarya ya halarta ba, mahaifiyarta ma ba ta je ba.