Kula da Sarƙar Agogo a Hanyar Dapaong zuwa Sokode

Bara a kara ta Dapaong wani bijimi ya fizge ni, sai ga agogona cikin kashin shanu, sarƙa ta tsinke. Da na kai wa mai gyara a Sokode, ya nuna mini laifin nawa ne.

Wannan farin ƙarfe da ake cewa ba ya tsatsa, Harry Brearley ya gano shi a Sheffield ta Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, akalla kashi 10.5 cikin ɗari, mai yi masa wata siririyar riga. To amma gishiri yana huda rigar nan, alhali mu kullum muna cikin gumi da gishirin lasar dabbobi.

Abu na biyu shi ne ƙurar hunturu. Tana shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa, ta haɗu da gumi, ta riƙa cin 'yan ƙusoshin ciki har sarƙa ta saki.

Saboda haka duk mako a wanke sarƙa da sabulu da tsohon burushin haƙori, a ɗauraye, a goge ta bushe. Kada ruwa ya taɓa kan agogon in ba mai jure ruwa ba ne. A cire shi kafin kama igiya ko fesa maganin kaska.

In kuma kun shigo daga Benin ko Nijar, ku mayar da agogo baya da awa ɗaya, don Togo tana bayansu.

Allah ya ba da sa'ar kasuwa, amin.