Zuwa Taro Daban, A Dama Da Mutum Daban

A Karaga, kamar a Yendi da Salaga da Bawku, kowa da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa, amma da zarar magana ta hau takarda sai ta koma Turanci, domin shi ne harshen hukuma a Ghana. Wasiƙar gayyata, rahoton taro, bayanin da ake bayarwa a ofishin 'yan sanda, duk da shi ake rubuta su. A cikin irin waɗannan takardu akwai wasu kalmomi da jama'a ke yi wa kuɗin goro, alhali kowace da matsayin da take ajiye mutum.

Mafi sauƙinsu ita ce "attend", wato halarta. A watan Rabi'ul Awwal, lokacin bikin Damba, mutum zai hau mota daga Karaga ya tafi Yendi, ya kutsa cikin cincirindon da ke ƙofar fadar Gbewaa, ya sha kallo ya komo gida. Wannan ya halarta, iyakarsa ke nan. Makaɗin da ya saƙale kalangu a hammata yana wasa sarakuna, da mahayin da ke sa dokinsa rawa, da mai juyi a fili rigarsa ta saƙi tana buɗewa, su ne ake ce wa sun yi "take part" ko "participate", domin da su aka dama. Ma'anar waɗannan biyu kusan ɗaya ce, sai dai ta farko ta fi yawa a bakin mutane, ta biyu kuma a takardun ofis. Dukansu suna tafiya da "in" a bayansu, ita kuwa "attend" ba ta buƙatar komai. Idan aka liƙa mata "to" ma'anar ta sauya, ta koma kula da wani, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ke duba majinyaci.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya jingina hukunci a kan wannan bambanci. Sashe na 276 ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya gadan-gadan, kuma "take part" aka rubuta a wurin. Sarkin da ke son tsayawa takarar majalisar dokoki dole ya sauka daga kan buzunsa. Amma ɗan takara yana iya zuwa fada gaisuwa, sarki ya zauna ya saurare shi, bai karya doka ba.

Haka abin yake a majalisar gunduma. Gundumar Karaga, wadda aka cire daga Gushegu-Karaga a 2004, tana bin sashe na 242 na tsarin mulkin, wanda ya ba ɗan majalisar dokoki na mazaɓar kujera a majalisar gunduma ba tare da ikon jefa ƙuri'a ba. A rahoton taro kuwa, akan jera mambobi a ƙarƙashin "present", jami'ai da baƙin da aka gayyato kuma a ƙarƙashin "in attendance". Duk wanda ya ga sunansa a jeri na biyu, ya sani ba a ƙidaya shi cikin masu yanke shawara ba.

"Join" ta fi nauyi, domin zama ɗan ƙungiya take nufi. Matar da ta je bitar kwana ɗaya kan sarrafa man kaɗanya ta halarci bita. Wadda ta yi rajista a ƙungiyar mata, tana biyan kuɗin wata, ta ɗauki alkawari mai ɗorewa, wani lokaci har da lamunin bashin da ƙungiyar ta ci.

Wadda ta fi buƙatar hattara ita ce "involved in", saboda baki biyu gare ta. A maganar aikin gayya yabo ce. A rahoton haɗarin mota, tana nufin abin ya rutsa da mutum, ko da fasinja ne shi. A maganar rikicin fili ko na sarauta kuwa, mai karatu zai fahimci cewa mutum yana da hannu a ciki. Hausa ta raba "ya rutsa da shi" da "yana da hannu", Turanci ya haɗe su a kalma ɗaya. A yankin da ya ɗanɗana rikicin Yendi na 2002 da na Bawku, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Don haka duk wanda aka rubuta wa bayani, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa, an fassara masa da harshen da yake ji. Idan ganau ne kawai, ya nemi a rubuta "witnessed" ko "was present". Masu rubuta wa jama'a wasiƙu da sakatarorin ƙungiyoyi su ma su riƙa tambaya kafin su ɗora alƙalami: zuwa ka yi, ko da kai aka yi?