Tukunyar Sallah da rumbun manomi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan fitowa za mu yi magana a kan abincin bukukuwa, wato abin da ake ci ran Sallah, daren cika-ciki da sauran ranakun da jama'a ke girmamawa, a nan ƙasarmu da waɗansu ƙasashe. Wani zai ce wannan zancen mata ne a madafa, ina ruwan malamin gona da shi? To, duk abin da ya shiga tukunyar Sallah, ko dai daga rumbu ya fito, ko daga garke, ko kuwa an kai abin rumbu kasuwa an sayo shi.

In mun duba maƙwabta na kusa da na nesa, za mu ga kowace al'umma da amfanin gonarta take buki. A Senegal, daren Ashura da suke kira Tamharit, dambun hatsi ake ci, wanda suke ce wa cere, da miyar nama. A Sudan, tun watan Sha'aban mata suke jiƙa dawa har ta tsira, su niƙa, su bar ƙullun ya yi tsami, su gasa shi falle-falle su ajiye. Shi ne hilu-mur, abin da ake jiƙawa a sha ruwa da shi duk watan azumi. Kiristocin Habasha, bayan azuminsu na kwana 55, suna buɗe baki ran Fasika da miyar kaza mai yaji da wainarsu injera, wadda ake yi da wani ƙanƙanen hatsi mai suna tef. Mutanen Ga na birnin Akara, a ƙasar Gana, suna da bukin Homowo, ma'anarsa yi wa yunwa ihu. Suna tunawa ne da wata yunwa da kakanninsu suka sha, kuma abincin ranar dambun masara ne da miyar kwakwar manja. Ba a taɓa jin sun jira jirgin ruwa ya kawo musu abin yin Homowo ba.

Mu ma haka muka gada. Ran ƙaramar Sallah a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, tuwon hatsi ko na dawa ake tuƙawa tun da asuba, da miyar da ta ji kalwa da man shanu, a yanka zabo ko kaza, a soya masa, yara su yi ta kai akushi gida-gida. Kafin a tafi idi ma an fitar da zakkar kono, mudun Annabi 4 a kan kowane mutum, daga irin cimakar da garin ke ci. A yankin kogi, Zabarmawa ba su raba taro da dambu da kopto, wato kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli. A Abzin, Buzaye suna dama fura da cuku da dabino, su gasa gurasar tagilla cikin yashi da garwashi, shayi kuwa ba a sauke shi. Fulani a taron Ingal na watan Satumba, nono da nama ne abin karɓar baƙo. Barebarin Difa suna da burabusko, ga tattasai da bandar kifi na yankinsu.

Amma babu abincin bukin da ya haɗa ƴan Nijar duka kamar naman layya, kuma yadda muke gasa shi baƙi kan tsaya su yi kallo. In an sauko idi aka yanka, aka feɗe, ba a sassara ragon. Buɗe shi ake yi, a tsire shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a shafe shi da gishiri da yaji. Sai maƙwabta su haɗa ragunansu, su kafa su kewaye da wuta guda a ƙofar gida. Naman ba ya taɓa harshen wuta, zafi ne ke ratsa shi sannu-sannu tun hantsi har dare, kitse na ɗiga cikin kwanonin da aka tara a ƙasa. Ranar farko kayan ciki ake ci. Sai wanshekare a sauke, a yanyanka, a raba wa dangi, surukai, maƙwabta da mabukata. Abin da ya rage mata su soya shi ƙayau, su zuba cikin tukunya ko kwalla tare da mansa. Wannan dabara ce ta mutanen da suka san zafin ƙasarsu: wuta ta janye ruwan naman, gishiri da mai suka tsare shi, sai ya yi makonni bai lalace ba. Aibinta ɗaya, cin itace. Duk wanda ya ga tulin itacen da ake saukewa a titunan Yamai ana jibi Sallah ya san daji ne ya biya. Raguna 10 a wuta guda sun fi gidaje 10 kowa da tasa wutar.

Daga ragon nan kuma akan ɓoye wani abu, galibi wutsiya, a busar da ita har wata guda. Ita ake sa wa tukunyar daren cika-ciki, cikin watan Muharram, daren da ake so kowa a gida ya ci ya ƙoshi, har baƙo da almajiri.

Yanzu ga inda zancen ya shafi gona. Bukukuwan kaka, irin su kalankuwa da kokawar gari, suna bin damana: sai an yi girbi, an ɗaure damma, sannan a buga ganga. Sallah kuwa wata take bi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, ta gaza ta nasara da wajen kwana 11, saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa baya, sai ta yi kamar shekara 33 kafin ta zagayo inda ta tashi. A 2005 layya ta zo cikin Janairu, lokacin ɗari. A 2015 ta zo ƙarshen Satumba, sabon hatsi ya fara shiga gida, dabbobi sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. A 2024 ta faɗo tsakiyar Yuni, a 2025 farkon Yuni, cika-ciki kuma ya biyo baya a farkon Yuli, ana tsakiyar noman fari. Shekarun da ke biye za ta ci gaba da shiga cikin bazara, Mayu sannan Afrilu. Ma'ana, buki mafi tsada a shekara yana haɗuwa da lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, daji ya bushe, dabbobi sun rame, kuma manomi yana bukatar iri, taki da abincin ƴan aiki.

A irin wannan lokaci ne ake yin ɓarnar da ba a ganin ta sai kaka. Magidanci ya ga Sallah ta matso, ba rago, ba shinkafa, ba ɗinkin yara. Sai ya buɗe rumbu ya kwashi abin da ya ware don shuka, ko ya karɓi bashi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin biya da hatsi in an girbe. Wanda ya ci irin wannan bashi yakan biya a lokacin da hatsi ya fi araha, ya zuba buhu biyu a kan abin da bai kai buhu guda ba ran da ya karɓa. Hekta guda ta hatsi kamar tiya 4 take ci na iri, wajen kilo 10. A ido ba wani abu ba ne, tuwon yini biyu ne a babban gida. Amma in ruwan shuka ya sauka babu shi, kwanakin da za a ɓata ana neman iri ba su dawowa, kuma sau da yawa shukar farko takan ƙone a sake ta biyu. Mai hankali yakan ware irin shuka biyu, ya ɗaure, ya manta da shi.

Akwai kuma zancen shinkafa. Yau a garuruwa da yawa, in ba a dafa shinkafa ko taliya ran Sallah ba, sai a ga kamar gidan ya gaza. Muna noman shinkafa a fadamun kogi, daga Tilaberi zuwa Gaya, amma ba ta isar ƙasa, mafi yawan wadda ke kasuwa daga waje take zuwa. A nawa gani, manomin da ya sayar da hatsinsa don ya sayo shinkafar waje ya yi hasara sau biyu, wajen sayarwa da wajen saye. Masar hatsi, dambu da zogala, tuwon dawa da miyar guro da ta ji nama, babu wanda baƙo zai raina in an gyara shi. Albasa ga ta Galmi, tattasai ga na Difa, man gujiya ga na matan ƙauyenmu.

Game da rago, malamai sun bayyana cewa layya tana kan mai hali ne, ba a ɗora ta a kan wanda zai rasa abin ciyar da iyalinsa ba. Wanda kuma yake da niyya, tun kaka ake fara shiri. Lokacin da aka cire wake da gujiya, a ɗaure harawa tun tana kore, a ɗora ta bisa runfa ko cikin rumbu inda rana da gara ba za su ci ta ba. A tara ƙowar wake, dusa da ƴaƴan gawo. A sayi ɗan rago lokacin da yake da sauƙi, balami ko uda ga mai ƙarfi, a tabbata zai cika shekara kafin Sallah. A kai shi wurin ma'aikacin dabbobi a yi masa allura, a ba shi maganin tsutsar ciki, don ragon da ke da tsutsa ko me ya ci ba ya ƙiba. Wata 3 na turka, da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ko kanwa, sun isa su canza shi. Mata da yawa a jihar Maraɗi da ta Tawa sun riƙe wannan sana'a: su turke biyu, a sayar da ɗaya, kuɗinsa ya ɗauki hidimar Sallah ba a taɓa rumbu ba. Inda kuma ƙungiyar manoma take da bankin cimaka ko tsarin warantaj, gara a ajiye buhu a can tun kaka a karɓi rance a kansa, da a jira bazara a je hannun mai bashi.

Fatar layya ma dukiya ce. A feɗe a hankali kada wuƙa ta huda ta, a kankare kitse, a shanya ta a inuwa a miƙe, ko a zuba mata gishiri in ba za a kai ta ga majema ranar ba.

Sai gargaɗi guda, tunda Sallah da shuka sun zo kusa da juna. Irin da aka gauraya da garin maganin shuka, mai launin ja ko shuɗi, guba ne. Wankewa ba ta fitar da shi, dafuwa ba ta kashe shi. Kada a daka shi, kada a ba kaji ko rago, kada kuma a auna hatsin ci da ƙwaryar da aka gauraya shi a ciki. A ajiye shi dabam, nesa da madafa da hannun yara, kuma maigida ya nuna wa matan gida buhun tun kafin ranar da za a yi dakan Sallah.