Sanyin Hunturu da Jaririyar Shinkafa a Dadin Kowa

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, koken masu noman rani a Dadin Kowa kusan iri ɗaya ne: an yafa iri ya ƙi tsirowa da wuri, wanda ya tsira kuma ya tsaya cik, ganyensa ya yi ɗorawa. Da yawa sai su nufi kasuwar Gombe neman yuriya, a zatonsu yunwa ce ke damun shukar. Sau da yawa sanyi ne.

Shinkafa 'yar ɗumi ce. Ta fi sakewa tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka sauka ƙasa da 15, kamar yadda yakan faru da asubahin hunturu, komai na jikinta sai ya yi sanyi. Saiwa takan rage zuƙar ruwa da sinadarai, musamman fosforas, ko da ƙasar cike take da su. Ganye yakan kasa haɗa koren sinadarin da yake kama hasken rana da shi, ga kuma hazo ya rage hasken. Shi ya sa takin da aka watsa a wannan hali rabonsa bin ruwa da iska, kuɗin manomi ya tafi a banza. Abin yana da ciwo, ganin yadda buhu ya yi tsada.

Ruwan fangali shi ne bargon shuka. Yakan riƙe zafin rana ya sake shi a hankali cikin dare, don haka a ƙara shi da yamma, a rage da hantsi domin ƙasa ta sha rana. Jiƙa iri kwana ɗaya, a rufe shi cikin danshin buhu har ya fasa baki kafin a yafa, yana rage kwanakin da zai yi kwance a ƙasa mai sanyi.

Jinkirta shuka har sanyi ya wuce ma yana da nasa haɗari. Shinkafar FARO 44 da ake yawan nomawa takan yi kusan wata huɗu, kuma idan furenta ya faɗo cikin zafin Afrilu, sama da digiri 35, zangarniya takan fito holoƙo. Sanyi ma yana haddasa hakan idan ya same ta da ciki: a 1993 damina mai sanyi ta karya noman Japan har ta sayo shinkafa daga Tailan da Amurka.

Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ta ba mu ruwa, amma ranar shuka tana buƙatar lissafi. A kwarin kogin Senegal, masu binciken cibiyar shinkafa ta AfricaRice sun daɗe suna tsara wa manoma lokacin shuka bisa yanayin zafi da sanyi. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama da malaman gona na jihar Gombe ya kamata su fitar da irin wannan jadawali, a karanta shi a rediyo tun watan Nuwamba.