Iskar da ke ba da shaida a kan jinin uwa da na tayi

A Hausa idan aka ce jinin wane da wane bai haɗu ba, ana nufin ba sa shiri. A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya ja hankalina shi ne a ɗakin haihuwa wannan magana ba salon zance ba ce, zahiri ce.

Akwai wani sinadari a bayan jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Rh, wanda Landsteiner da Wiener suka bayyana a 1940. Shi ne alamar tarawa ko ɗebewa da mai karatu yake gani kusa da rukunin jininsa. Idan uwa ba ta da shi, tayin kuwa ya gado shi daga uba, to da zarar jininsa ya shiga nata, galibi wajen haihuwa ko ɓari, sai garkuwar jikinta ta ɗauke shi baƙo. Ɗan fari yakan tsira. Na biyu da na uku su ne sojojin jikin uwa kan ratsa mabiyiya su farfasa wa ƙwayoyin jini. Ba na cewa duk wabi daga nan yake, amma ina ganin kalmar ta daɗe tana rufe tambayar da ya kamata a kai wa likita.

To ina ruwan kabon monoksaid, wato iskar nan marar launi da wari da muka sani da hayaƙin janareta? A 1949 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Sjöstrand, ya nuna cewa jikin ɗan Adam da kansa yana samar da ita. Duk sa'ad da jajayen ƙwayoyi suka mutu, jan sinadarin cikinsu yakan warware ya ba da wannan iska tare da abin da ke zama bilirubin, mai jawo shawara, daidai wa daida. Saboda haka yawan iskar shaida ne na yawan jinin da ke lalacewa. Tayi ba ya numfashi, don haka tasa sai ta bi ta jinin uwa ta fita ta huhunta. Bayan haihuwa kuwa, akwai na'urar da ke auna ta a numfashin jariri, a gane ko jininsa na farfashewa.

Abin tsoron shi ne, wannan iska tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu ko fiye, kuma ta fi daɗewa a jinin tayi a kan na uwa. Tayin da jininsa ya riga ya yi ƙaranci, aka kuma kulle uwarsa a ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu, an haɗa masa zafi biyu ke nan.

Rigakafin kuwa tun 1968 yake: allurar anti-D, wadda ake yi wa uwa wajen mako na 28 na ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Sai dai gwajin da muka fi kulawa da shi kafin aure na sikila ne, wato AA da AS da SS, kuma da yawa cikin 'yan bokonmu suna zaton shi ne rukunin jini. Ba shi ba ne. Mace mai ciki ta tambayi alamar da ke kusa da harafin nata tun ranar awon farko, jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a yinin da aka haife shi kuma a kai shi asibiti, kada a tsaya shanya shi a hantsi.