Tafiyar Kaka da Hunturu: Zaɓen Ƙasar da Za a Je Hutu

Gabatarwa

Tun zamanin kaka da kakanni Bahaushe ba ya doguwar tafiya da damina. Sai an yi girbi, an zuba gero da dawa a rumbu, sannan yake ɗaure kaya ya tafi fatauci ko cin rani. Daga ƙasar Kabi ayarori sun sha keta daji zuwa Gwanja saro goro. A ranin 1952 zuwa 1953 an yi ƙidayar masu cin rani na Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Gwandu da Argungu, kuma masanin labarin ƙasa R. M. Prothero ya nazarci sakamakon, ya nuna yadda ɗimbin jama'a suke fita bayan kaka, su komo kafin shuka.

A yau akwai wani sabon matafiyi. Shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwa na unguwa irin Badariya a Birnin Kebbi, wanda ya yi tanadin shekara biyu ko uku domin ya kai iyalinsa ƙasar waje su huta. Akan ce masa ya bari sai tsakanin Oktoba da Fabrairu, wai lokacin ne tafiya take araha, tun da Turawa sun gama hutunsu na Yuli da Agusta. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa zancen gaskiya ne a wasu ƙasashe kawai, a wasu kuwa akasinsa ne.

Ruɗanin suna

Matsala ta farko daga harshe take. Masu fassara sun saba kiran lokacin zubar ganye na Turai da sunan kaka, lokacin dusar ƙanƙara kuma da sunan hunturu. Amma hunturun Bahaushe busasshiyar iska ce mai ƙura, da sanyin asuba wanda hantsi yake kora. Na Turai kuwa sanyi ne mai laima da yayyafi da duhu. A London cikin watan Disamba sai wajen ƙarfe 8 na safe rana take fitowa, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, alhali a Birnin Kebbi wunin wannan wata ya haura awa 11. Saboda haka wanda ya ji an ce hunturu, ya ɗauki rigar sanyin da yake zuwa sallar asuba da ita, ya yi shirin wani abu ne dabam da wanda zai tarar.

Inda lokacin yake araha

Ƙasashen da baƙi suke raguwa a cikinsu a wannan lokaci su ne na arewa masu sanyi, kamar Ingila da Faransa da Turkiyya. Daga Nuwamba kuɗin masauki yakan sauka, layin shiga wuraren tarihi ya gajarce. Wanda burinsa ya ga gidajen kayan tarihi, ko masallatan Istanbul da kasuwanninta masu rufi, ba zai yi hasara ba, domin yawancin abin da zai gani a cikin gini yake. Sai dai a cire makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da farashi yake komawa sama. A kuma lissafa kuɗin tufafin sanyi na kowane ɗan tafiya, a duba ko akwai tsoho ko mai ciwon ƙirji a ayarin. Ga irin wannan iyali Oktoba ta fi Janairu nesa ba kusa ba.

Inda lokacin yake tsada

Ƙasashe masu zafi kuwa yanzu ne kasuwarsu take ci, domin can mutanen Turai suke gudun sanyi, tamkar tsuntsayen da suke barin Turai su sauka a fadamun Afirka ta Yamma a wannan lokaci. Dubai takan cika daga Nuwamba zuwa Maris. Arahar masaukinta sai a tsakiyar zafi. Haka Luksor da Aswan a Misira. Afirka ta Kudu kuma tana kudu da tsakiyar duniya, don haka Disamba lokacin zafinta ne da babban hutun makarantunta. Ko Gana ma, tun bayan shirin komowar baƙaƙen fata na ƙetare da ta yi a 2019, Disamba ya zama watan cunkoso a babban birninta. Duk da haka Gana da Senegal suna da wani sauƙi, wato ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza kafin ya shige su, albarkacin yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS.

Batun Umra

Ga wasu mutanen Kabi, fita waje ta farko Umra ce. Nan lissafin ya sake, domin cikar Makka da Madina kalandar Musulunci take bi, ita kuwa tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2015 an ɗauki azumi a watan Yuni, don haka watannin sanyi suna nesa da turmutsutsun Ramalana. A 2025 an ɗauke shi a farkon Maris, kuma bisa lissafi a 2030 zai kama sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Ma'ana, sararin da aka saba samu a Janairu da Fabrairu azumi yana cinye shi. Mai neman sauƙin farashi da sauƙin ɗawafi sai ya ajiye kalandu biyu a gabansa, ya nemi watannin da suke tsakanin ƙarewar Hajji da kamawar Rajab. Ya kuma sani cewa daren Madina yana da sanyi ƙwarai a Janairu, ko da Makka tana da ɗumi.

Abin da za a bari a gida

Zaɓen ba ya cika sai an dubi gida. Da farko, yawancin matafiya sai sun bi ta Abuja ko Kano ko Legas, hazon Disamba da Janairu kuwa yakan hana jirage sauka da tashi a filayen Arewa. Hikima ita ce a bar ratar kwana guda tsakanin jirgin gida da na ƙetare. Na biyu, ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da bai rage wata shida ba, Gana da Afirka ta Kudu suna neman katin rigakafin shawara, Saudiyya kuma tana neman na sanƙarau ga masu Umra. Na uku, rani ya daina zama lokacin zaman banza a kwarin Rima, saboda noman shinkafa na rani, wanda ya ƙara bunƙasa bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Mai gona a fadama da ya yi tafiya lokacin dashe ya biya kuɗin hutu sau biyu. Akwai kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Galibi a Fabrairu ko Maris ake yinsa, baƙi suna tahowa daga ƙetare domin su gani.

Kammalawa

An ga cewa babu wani wata da yake araha a ko'ina. Magabatan da suka je Gwanja sun san abin da ya kai su, sun san lokacin da hanya take biyuwa, sun kuma san ranar da gona take jiransu. Tambayoyin ba su sake ba ga mutumin Badariya na yau: me za a je yi, wane yanayi za a tarar, su wa za a tarar a can, kuma me aka bari a baya? Wanda ya amsa su kafin ya sayi tikiti shi ne zai komo da labari mai daɗi, domin matambayi ba ya ɓata.