Shin Ko Kun San? Tintin, Yaro Mai Tukku da Farin Kare

Shin ko kun san Tintin ya fara fitowa ne ranar 10 ga Janairu, 1929, a shafin yara na wata jaridar Beljiyam mai suna Le Vingtième Siècle? Mai zanen shi ne Georges Remi, wanda aka fi sani da Hergé. Littattafan Tintin 24 ne. Yana cikin aikin na ƙarshe ajali ya riske shi a 1983, aka buga shi a 1986 yadda ya bar shi.

Tintin ɗan jarida ne, amma sau ɗaya kacal aka gan shi yana rubuta rahoto, a littafin farko. Kullum yana can yana bin sawun 'yan fasa-ƙwauri da masu buga jabun kuɗi, karensa Milou na biye da shi.

Masu ba da dariyar fa? Kyaftin Haddock matuƙin jirgin ruwa ne mai saurin fushi, ga zagi iri-iri a bakinsa amma babu batsa ko ɗaya. 'Yan sandan ciki guda biyu, Dupond da Dupont, kamar an tsaga kara, sai dai gashin bakin ɗaya a miƙe yake, na ɗayan ya ɗan buɗe a gefe. Shi kuwa Farfesa Tournesol, kurman da ake yi wa magana gabas ya amsa yamma, Hergé ya ɗauko siffarsa ne daga Auguste Piccard, masanin kimiyya ɗan Suwizalan da ya hau sama cikin balan-balan kusan kilomita 16 a 1931.

Shin ko kun san Tintin ya riga Amurkawa taka wata? Littafin da ya nuna saukarsa a can ya fito a 1954, shekara 15 kafin Neil Armstrong.

Sai dai farkon tafiyar ba abin yabo ba ne. Hergé ya zana labarin Kongo a 1930 ba tare da ya taɓa zuwa ƙasar ba, ya nuna baƙar fata a matsayin wawaye masu jiran Bature ya koya musu komai. Wannan cin fuska ne, ba a buƙatar a yi masa kwaskwarima. Wani ɗan Kongo ya kai ƙara a Beljiyam don a hana sayar da littafin, kotu ta ƙi a 2012.

Wanda ya sauya Hergé wani ɗalibi ne ɗan Sin, Zhang Chongren, da suka haɗu a Brussels a 1934. Zhang ya zauna da shi, ya nuna masa yadda ake riƙe burushin rubutun Sin, ya faɗa masa gaskiyar abin da sojojin Japan ke yi a ƙasarsu. Daga nan aka samu Le Lotus bleu, inda rubutun da ke jikin allunan shaguna Sinanci ne na gaske. Tun daga lokacin Hergé ya koma tara hotuna kafin ya zana mota, jirgi ko titi. A ganina nan ne Tintin ya zama abin karantawa. Yaƙi ya raba abokan biyu, ba su sake ganin juna ba sai 1981. A tsakani, Hergé ya fitar da Tintin au Tibet a 1960: babu mugu, babu ɗan fashi, Tintin ne kawai ke neman abokinsa Tchang, wato Zhang a cikin labarin, cikin dusar ƙanƙara.

Akwai kuma littafin da ya shafe mu. A Coke en stock na 1958, Tintin da Haddock sun kuɓutar da maniyyata 'yan Afirka da aka yaudara za a kai su Makka, alhali sayar da su bayi za a yi.

Salon zanen fa? Layi ne tsaf mai kauri ɗaya, babu inuwa mai yawa, launi kuma a shimfiɗe, shi ya sa ido ba ya gajiya. A Janairun 2021 an yi gwanjon wani zanen da Hergé ya yi don bangon Le Lotus bleu a birnin Paris, aka saye shi fiye da Yuro miliyan 3. Mai son farawa, ya fara da wannan littafin.